Doom ya samu 7 cikin 10: masu sharhin tsofaffin mujallun gem ba su san aikinsu ba ne?

Wani ɗan'uwa ya turo mini tambaya. Ya ce kwanakin nan yana yawan cin karo da hotunan shafukan tsofaffin mujallun wasan bidiyo, a ɗauko sharhin da aka yi wa wani wasa shekara talatin da suka wuce a yi ta sheƙa dariya. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne na mujallar da ta ba Doom maki 7 cikin 10. Shi ne yake tambaya: mutanen nan aikin ne ba su iya ba, ko kuwa toshiyar baki ake ba su?

Ɗan'uwa, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ina da kwali biyu na waɗannan mujallu, na fara tara su tun ina sakandare daga wajen wani mai baza gwanjon littattafai a bakin titi. Mu da muka tashi a gidajen gem na unguwa ba da mujalla muke sanin wasa mai kyau ba, da tsawon layin yaran da ke jiran a ba su hannu muke ganewa. Mujallar kan iso hannuna bayan shekara biyu ko uku da bugawa, bangon ya yage, wani yaro a Ingila ya riga ya cike fom ɗin gasar da ke ciki da biro. Wato tun asali a makare nake karanta su, bayan na gama wasan na san ƙarshensa. Dariyar da ake yi yanzu na daɗe ina yin ta ni kaɗai. Abin da zan gaya maka shi ne, akwai abin dariya sosai a shafukan nan, amma sau da yawa ba a inda ake nuna maka yake ba.

Mu fara da Doom ɗin naka. Kamfanin id Software ya sake shi a Disambar 1993, mujallar Edge ta Ingila kuma ta yi masa sharhi a 1994 ta ba shi 7. Abin da ya sa ba a manta da sharhin ba shi ne wata magana a ƙarshensa, inda marubucin ya yi fatan ina ma a ce kana iya magana da dodannin nan, ka ƙulla abota da su, ku haɗa kai. Ka san Doom: bindiga a hannu, aljani a gaba, ka harbe shi kafin ya cinye ka. A ce wani ya zauna gaban wannan yana fatan hira, ai dole a dara. Edge ba ta sa sunan marubuci a ƙasan sharhi, saboda haka ma'aikatan mujallar gaba ɗaya ne suka yi shekaru suna shan tsiya a kan layi ɗaya.

To amma duba abu biyu. Na farko, 7 a wajen Edge ba zagi ba ne. Su 5 ne matsakaici a ma'auninsu, kuma rowar maki suke da ita ta fitar hankali. Daga kafa mujallar a 1993 ba su ba kowa 10 ba sai Super Mario 64 a 1996, bayan shi Gran Turismo da Ocarina of Time a 1998, sai Halo a 2001, sai Half-Life 2 a 2004. Wasa biyar ke nan cikin sama da shekara goma. Na biyu, mutumin da ake wa dariya ba shirme ya faɗa ba. A Japan tun 1992 akwai Shin Megami Tensei, inda kake tsayawa ka yi ciniki da aljani, ka ba shi kuɗi ko ka lallashe shi ya koma ɓangarenka. A 2015 kuma Undertale ya fito, wasan da za ka iya gamawa ba ka kashe dodo ko ɗaya ba, duniya ta yi ta tafa masa. Kuskuren marubucin Edge guda ne: an kawo masa gasasshen nama ya tsaya yana tambayar ina miya. Bai gane abin da ke gabansa ba, amma abin da ya nema abu ne mai yiwuwa, har an yi shi. Ni a wajena wannan sharhi yana cikin masu mutunci na zamaninsa, domin mutumin ya buga wasan, ya yi tunani, ya faɗi abin da ke ransa.

In dariya kake nema ta gaske, bar wajen masu rowar maki, koma wajen masu kyauta.

A 1994 an yi wani wasan faɗa mai suna Rise of the Robots. Wata da watanni kafin ya fito mujallu suna ta buga hotunansa: mutum-mutumin ƙarfe masu sheƙi, an zana su da kwamfuta, kai ka ce daga fim aka ciro su. Aka ce abokan faɗan suna da basirar koyon salonka. Aka ce Brian May, makaɗin jita na ƙungiyar Queen, shi zai yi kiɗan. Da wasan ya iso hannun mutane sai ga shi ba ka iya tsallake abokin faɗanka ka koma bayansa, abin da Street Fighter II yake yi tun 1991. Mutum-mutumi ɗaya tak aka ba ka in kai kaɗai kake bugawa. Basirar da aka yi ta kurantawa kuwa, da tsalle da shuri ɗaya, ka yi ta maimaitawa, za ka iya kai wa ƙarshe. Kiɗan Brian May ɗan guntu ne ya shiga. Duk da haka akwai mujallun da suka zuba masa maki masu tsoka, suka yi wa rogo kallon kitse. Amiga Power ce ta tsaya ta ba shi 5 cikin 100. Ka ɗauki sharhinta ka ajiye kusa da na masu yabo, za ka rantse wasa biyu daban ake magana a kai.

Yaya aka yi haka? A nan ne tambayarka ta biyu ta shigo, ta toshiyar baki. Ba sai an miƙa wa kowa ambulan ba, yadda sana'ar take ya isa. Mujalla wata-wata take fita, kuma dole a rufe shafuka a kai maɗaba'a makonni kafin ranar da za ta hau kan tebur. In kana so sharhinka ya fito daidai da lokacin da wasan zai shiga shago, to wasan da ba a gama ba za a ba ka. A zamanin kaset ma ba kaset ake kawowa ba, tsirara allon lantarki ne da ƙwayoyin ajiya a soke a jiki, wani lokaci da ma'aikacin kamfanin a zaune gefenka, da yamma ya naɗe kayansa ya tafi. Ka ga wani wuri yana maƙalewa, ya ce maka ai za a gyara kafin a fitar. Ka yarda ka ba da maki a kan alkawari, ko ka ƙi, mujallar da kuke gasa da ita ta riga ka. Sannan ga bango. Hoton wasan da ake ɗoki a bangon mujalla shi ke sayar da ita, kamfanin kuma ba zai ba ka damar zama na farko ba in ya san za ka yi masa kaca-kaca. Ga kuma talla: buɗe kowace daga cikinsu ka ƙirga shafukan talla, kusan duk na kamfanonin da ake yi wa kayansu alƙalanci ne. In baki ya ci, ido ya ji kunya.

Misalan da suka fito fili suna nan. A 1994 mujallar PC Gamer ta Amurka ta ba wani wasan kamfanin Sierra mai suna Outpost maki 93 cikin 100, bisa samfurin da ba a kammala ba. Da masu saye suka buɗe kwalin, sai suka tarar wasu abubuwan da aka bayyana a littafin jagora ba su cikin wasan kwata-kwata. Bayan shekara goma, a 2004, mujallu biyu na Ingila suka ba Driv3r 9 cikin 10, wasan ya fito cike da kura-kurai, masu karatu suka yi musu caa. Ko da aka koma intanet halin bai canja ba: a 2007 shafin GameSpot ya sallami editansa Jeff Gerstmann bayan ya ba wasan Kane & Lynch maki 6, a daidai lokacin da tallan wasan ya lulluɓe shafin. Nintendo Power kuwa, wadda ta fara a 1988, ba ta ma ɓoye ba, a lokacin mallakar kamfanin Nintendo ce. Mai shago ne ke gaya maka ra'ayinsa game da kayan shagonsa. Na ga ana ɗauko yabonta ana mamaki, ni kuma mamakin masu mamakin nake yi.

Wannan matsi shi ya haifar da abin da ya fi komai ban dariya a sana'ar, wato ma'aunin da rabinsa ba a amfani da shi. An ce maki daga 0 zuwa 100 ne, amma a yawancin mujallu da wuya ka ga ƙasa da 60. Wasan da ba ya da daɗi sai a ba shi saba'in da ɗoriya: kamfani ba zai kira waya yana faɗa ba, mai karatun da ya san dawan garin kuma ya gane cewa gudu ake ce masa ya yi. Idan ka karanta rubutun za ka ga an ce sarrafawa da wuya, kiɗa na sa ciwon kai, an gama shi cikin awa biyu, sai ka kai ƙasa ka ga 78. Amiga Power, wadda ta rayu daga 1991 zuwa 1996, ta yi suna ne kawai don ta dage cewa 50 shi ne matsakaici. Ta taɓa ba wani wasan zari-ruga maki 2 cikin 100. Sakamakonta shi ne wasu kamfanoni suka daina aika mata wasanninsu, sai ma'aikatanta su je shago su saya. A Japan kuma mujallar Famitsu, wadda mutum huɗu ke ba da maki goma-goma a haɗa 40, ta yi shekara goma sha biyu daga kafuwarta a 1986 ba ta ba kowa 40 cif ba sai Ocarina of Time a 1998. Daga baya hannunta ya sake, har wasan kiwon 'yan kwikwiyo, Nintendogs, ya samu 40 a 2005, Final Fantasy XIII-2 ma ya samu a 2011.

Akwai kuma wata dariyar da ba laifin kowa a ciki, laifin lokaci ne. Ka ga hoton wani ɗan ƙwallo da kai kamar bulo, hannu kamar muciya, a ƙasa an rubuta cewa da ƙyar za ka bambanta shi da wasan da ake nunawa a talabijin. An rubuta wannan magana a zamanin Mega Drive, an sake rubuta ta a zamanin PlayStation, ana kan rubuta ta yau. Amarya ko ta buzuzu ce ana ɗokinta. Mutumin da jiya ɗigo huɗu ne ɗan wasansa, yau ya ga mai gwiwa da ke lanƙwasawa, ba ƙarya ya yi ba da ya ce abin ya girgiza shi. Lokacin da faifan CD ya shigo aka fara cusa hoton bidiyo na 'yan wasan kwaikwayo a cikin gem, irin su Night Trap na 1992, shafuka nawa aka cika da cewa nan gaba duk wasa haka zai koma? Cikin 'yan shekaru salon ya dusashe. Haka rikicin lambobi: Sega na tallan wani abu wai shi Blast Processing, Atari ta fito da Jaguar a 1993 tana cewa 64-bit ce, yara na musu a filin makaranta, mujallu na buga jadawalin kwatance, alhali kaɗan ne daga cikin masu musun za su iya gaya maka abin da lambar ke aunawa. Mu ma nan mun yi namu, da kaset ɗin nan mai rubutun wasa dubu ɗari tara da ɗoriya a jiki, ka kunna ka tarar wasa biyar ne ake ta juya musu suna.

Rabe-raben makin ma abin kallo ne. Zzap!64, mujallar masu kwamfutar gida ta Commodore 64 da ta fara a 1985, tana ba da maki daban na zane, na sauti, na yadda wasa ke kama ka da farko, da na yadda zai daɗe bai gundure ka ba. Wannan na ƙarshen shi ke ba ni dariya, domin wanda ya auna daɗewar kwana uku ya yi da wasan. A gefen kowane ra'ayi akwai zanen fuskar mai sharhin, wanda Oliver Frey ke zanawa, yana murmushi ko ya yamutse fuska. GamePro ta Amurka ita ma fuska take sawa, daga mai barci zuwa wadda gashinta ya miƙe don murna, marubutanta kuma suna ɓuya a bayan sunayen barkwanci irin su Scary Larry. A Electronic Gaming Monthly akwai Sushi-X, wai shi ninja ne mai rufe fuska, gwanin wasannin faɗa.

Yanzu ga inda nake so ka yi hattara, domin a nan ne mai dariya ke zama abin dariya. Da yawa daga cikin shafukan da ake yaɗawa, da gangan aka rubuta su don raha. Your Sinclair ta Ingila a watan Afrilun 1988 ta yi sharhi mai cike da yabo ga wani wasa wai shi Advanced Lawnmower Simulator, na yankan ciyawa da inji, ta ba shi 9 cikin 10. Wasan wawan Afrilu ne, wato ƙaryar raha da ake shiryawa a farkon watan, tsokanar kamfanonin da ke liƙa wa kowane tarkace sunan kwaikwayon gaske. Daga baya suka sa shi a kaset ɗin kyauta da ke manne a bangon mujallar: maɓalli ɗaya kake dannawa, inji ya bi layi yana yanke ciyawa, shi ke nan. Mujallar nan ma daga baya da ma'aunin zafi ta koma ba da maki, ka ga an ce wasa ya samu digiri 90. Wanda ya yanko shafin yau ya ce ku dubi sakarkarun da, shi aka kama, bayan shekara talatin da ɗoriya.

Mafi shahara shi ne na Electronic Gaming Monthly a Afrilun 1992. A Street Fighter II, idan Ryu, ɗaya daga cikin mayaƙan wasan, ya yi nasara, fassarar Turanci tana sa shi cewa sai ka kayar da Sheng Long kafin ka iya da shi. Kuskuren fassara ne: sunan naushinsa na tashi sama ne aka karanta da lafazin Sinanci, mutane suka ɗauka sunan malaminsa ne. Sai mujallar ta buga wai ga yadda za ka haɗu da Sheng Long: ka bi wasan duka da Ryu ba a taɓa ka ko sau ɗaya ba, ka isa wajen M. Bison, abokin faɗa na ƙarshe, ku yi zagaye goma ba wanda ya taɓa wani har lokaci ya ƙare. Har da hotunan da suka haɗa da hannu. Sunan wanda wai ya aiko da sirrin, in ka karanta shi da ƙarfi da Turanci, ma'anarsa ɓarnar kuɗin gem, garinsu kuma an sake yaudararka. Duk da haka yara suka yi ta zuba kuɗi a na'ura, wasu mujallu a wasu ƙasashe suka kwafe labarin ba su gwada ba. Ƙarshenta Capcom, mai wasan, da kanta ta fito da wani mayaƙi mai suna Akuma a 1994, wanda ke bayyana kusan yadda aka ƙirƙira, sannan malamin Ryu, Gouken, ya shigo a Street Fighter IV.

Akwai ma na jabu tsantsa. Tabbas ka taɓa ganin hoton nan mai kama da shafin GamePro, an nuna babban dodon Doom, a ƙasa an ba da shawarar ƙwararru cewa in kana son kayar da shi, ka yi ta harbinsa har ya mutu. Ba a taɓa buga shi a GamePro ba. Wani ne ya haɗa shi a intanet don kwaikwayon salonsu, ya kuma yi kama sosai har ya fi shawarwarinsu na gaske suna.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe in kana kallon waɗannan shafuka shi ne su waye marubutan, kuma wa suke rubuta wa. Crash, mujallar masu kwamfutar gida ta ZX Spectrum da ta fara a 1984 a wani ƙaramin gari mai suna Ludlow, 'yan makarantar garin take ɗauka su buga wasanni bayan an tashi su faɗi ra'ayinsu. Julian Rignall, wanda ya yi suna a Zzap!64 da Mean Machines, ta hanyar cin gasar wasannin na'urar jefa kwabo ya shigo aikin. Babu wanda ya koya musu yadda ake sharhin gem, domin sana'ar sabuwa ce a lokacin. Hoton allo ma da kyamarar fim ake ɗauka, a ɗaki mai duhu, a dakatar da wasan a ɗauka a kai wanki. Taswirar da kake gani ta cika shafi biyu, hotuna ne da dama aka yanka aka jera da hannu. Mai karatunsu kuma yaro ne da za a saya wa kaset ɗaya ko biyu a shekara, ba shi da bidiyon da zai kalla ya ga yadda wasan ke motsi. Shi ya sa sharhin ke ɓata rabin shafi wajen ƙirga matakai nawa ne, makamai nawa, mutum biyu na iya bugawa ko a'a. A idonmu yau kamar takardar kayan shago, a wajensa kuwa amsar tambayar da ta dame shi ce.

Idan aka sake turo maka irin wannan shafi, kada ka tsaya a guntun da aka yanko. Nemi fitowar gaba ɗaya, da yawansu an ɗauki hotonsu shafi-shafi an ajiye a shafin intanet na Internet Archive. Duba watan, in Afrilu ne ka yi shakka. Duba makin da aka ba sauran wasannin wannan fitowar, a nan za ka san ko 7 yabo ne ko zagi. Duba wane ne a bango, da wanda ya sayi shafin tallan da ke kusa. Sannan ka nemi fitowa biyu ko uku na gaba ka buɗe shafin wasiƙu, domin masu karatu ba su jira shekara talatin ba, tun a lokacin suke rubutowa suna cewa kun cuce ni na kashe kuɗina.

A kwalina akwai wata fitowa da nake yawan nuna wa baƙi. Sharhin wani wasan faɗa ne da aka ba maki tamanin da wani abu, an ce dole kowa ya mallake shi. Yaron da ya fara mallakar mujallar, can a ƙasarsu, ya sa jan biro ya soke makin, ya rubuta 20 a gefe, ya ja layi biyu a ƙarƙashi har takardar ta huje.